Kotun Fim Da Kotun Gaske: Kira Ga Marubutan Fina-finan Hausa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu isar da saƙo ga marubuta labarin fim da daraktoci da furodusoshin Kannywood, game da yadda suke nuna kamu da kotu da hukunci. Mu da muka haɗu a kan wannan wasiƙa lauyoyi ne da ma'aikatan kotu da malaman shari'a a nan Zariya. Ba zancen rawa da waƙa ko sutura ne ya kawo mu ba, wannan akwai masu yin sa, sun kuma daɗe suna yi. Namu wani abu ne da ba a cika tanka shi ba, alhali ɓarnarsa tana kai mutane gidan yari, wani lokaci har kabari.

Akasarin mutanenmu ba su taɓa zama a ɗakin kotu ba, ba su taɓa buɗe kundin tsarin mulki ba. Abin da matar aure a Tukur-Tukur, ko yaron shago a kasuwar Sabon Gari, ko mai tuƙa Keke a Kwangila ya sani game da beli da sammaci da shaida, mafi yawansa a waya ya gan shi, cikin fina-finai masu dogon zango da ake saki duk mako. Ranar da aka kama ɗan'uwansa, ko masinjan kotu ya sallama masa, da wannan karatun zai tunkari lamarin.

Mun yarda niyyar masu fim mai kyau ce. Da wuya ka ga fim ɗin Hausa da azzalumi ya ci bulus a ƙarshensa. Amma a duba ta wace hanya ake kai shi ƙasa. Ko a lakaɗa masa duka a bayan kanta har ya amsa laifi, ko wani babban mutum ya ɗaga waya ya kira kwamishina, ko alhaki ya kama shi da hauka ko shanyewar ɓarin jiki ko hatsarin mota. Hujja da shaida ne kaɗai ba sa kama mai laifi a fim. Dalilin a fili yake. Kyamara ta riga ta nuna wa mai kallo wadda ta zuba gubar tun a kashi na biyu, saboda haka duk abin da ya jinkirta hukunci, lauya ne, beli ne, ɗage zama ne, sai ya zama cuta a idonsa. To, alƙali na gaske ba a nuna masa kashi na biyu. Ba ya wurin sa'ad da abin ya faru. Mutum biyu ne a gabansa, kowa yana cewa shi aka cuta, kuma mai yiwuwa maƙaryacin ya fi iya kuka. Ƙa'idojin nan da fim yake mayarwa ɓata lokaci, na Musulunci da na tsarin mulki, saboda wannan rashin gani aka kafa su.

Mu fara da kamu. A fim, Alhaji yana bin wani bashi, ko cinikin fili ya lalace, sai ya buga waya, mota ta zo, a sa wa mutum ankwa a gaban iyalinsa. In ba a same shi ba a tafi da matarsa ko mahaifinsa har sai ya kawo kansa. Ana yin haka a zahiri, ba mu musa ba. Abin takaicin shi ne fim yana nuna shi kamar aikin hukuma ne na halal, babu ko mutum ɗaya a cikin labarin da zai ce wannan ya saɓa doka. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015, a sashe na 7, ta hana kama mutum a madadin wani. Sashe na 8 ya hana kama shi saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita duka biyun, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar a kan wannan turba a 2017. Ankwa ma ba ado ba ce, ana sa ta ne in ana tsoron mutum zai gudu, ko zai yi faɗa, ko zai cutar da kansa, ko kuma kotu ce ta ce a sa.

Wanda aka kama sai an gaya masa dalili. Yana da damar yin shiru har ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, kuma hukuma ce za ta sanar da danginsa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da shi dalilin tsare shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Daga cikin birni zuwa Tudun Wada, Sabon Gari har Samaru, babu caji ofis ɗin da ya kai wannan nisa da kotu. Laifin da hukuncinsa kisa ne yana da nasa tsari, amma ko shi, kotu ce take ba da umarnin ci gaba da tsarewa, ba DPO ba. Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne. Mace tana iya tsaya wa mutum. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, ta hanyar ƙarar kare haƙƙi a babbar kotu. Mai kallon da ya shekara goma yana ganin ana jefa mutane a bayan kanta sati biyu don ran Hajiya ya ɓaci, ba zai taɓa tunanin yana da wannan dama ba.

Sai dukan neman amsa laifi, wanda a fim yawanci abin dariya ne ko abin huce haushi. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samo ta hanyar gallazawa. Ga yadda abin yake tafiya. Mai gabatar da ƙara zai miƙa takardar bayanin wanda ake tuhuma ta hannun ɗan sandan da ya rubuta ta. A daidai wannan lokaci, ba bayan an karɓa ba, lauyan kariya zai miƙe ya ce ba da son rai aka yi ta ba. Sai a dakatar da ainihin shari'ar a buɗe ƙwarya-ƙwaryar shari'a a kan takardar kaɗai. Masu ƙara ne za su tabbatar ba a tilasta shi ba: wa ke ɗakin, ƙarfe nawa, an karanta masa gargaɗi, da wane harshe, wa ya fassara, akwai lauya, an ɗauki bidiyo? In suka kasa, an yi watsi da takardar.

A nan ne ɓarnar take zama biyu. Marar laifi yakan amsa abin da bai yi ba don a daina dukansa. Mai laifi na gaske kuma yakan kuɓuta, saboda mai bincike da ya samu "na amsa" sai ya naɗe hannu, bai je wurin da abin ya faru ba, bai adana wuƙar ba, bai nemi rahoton likita ba, bai rubuta bayanin maƙwabta ba. Ranar da kotu ta ƙi karɓar takardar, fayil ya zama fanko. Dangin mamaci su fita suna cewa an sayi alƙali, alhali tun a caji ofis shari'ar ta mutu.

Game da zaman kotu kuwa, yawancin fina-finai sukan gauraya kotu uku a ɗaki ɗaya: kujerar alƙalin Musulunci, hular gashin babbar kotu, da surutun lauyan fim ɗin Indiya ko Amurka da ke kai-kawo yana nuna wanda ake tuhuma da yatsa. A ƙasar nan babu wasu mutanen gari da ake zaunarwa gefe su yanke hukunci, alƙali ne yake auna shaida ya auna doka. Yawancin alƙalanmu da hannu suke rubuta duk abin da aka faɗa, shi ya sa lauya yake magana a tsanake, yana tsaye a wurinsa. Hular gashi da baƙar riga daga babbar kotu zuwa sama ake sa su, ba a gaban majistare ko alƙalin shari'ar Musulunci ba.

A ɗauki shari'ar kisan kai a ƙarƙashin Final Kod, wato kundin dokar hukunta laifuka na Arewa, wadda fim yake gamawa a zama ɗaya. Daga caji ofis na unguwa za a mayar da binciken sashen binciken manyan laifuka na jiha a Kaduna. 'Yan sanda su kai rahoton farko, wato FIR, gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron shari'ar, iyakarsa ya ba da umarnin tsarewa. A aika kwafin fayil Ma'aikatar Shari'a, lauyoyin gwamnati su duba ko akwai hujjar gurfanarwa. In akwai, a shigar da takardar tuhuma a babbar kotu, irin wadda ke zama a Dogarawa, a ba wanda ake tuhuma kwafinta haɗe da sunayen shaidu da bayanan da suka yi. A karanta masa tuhumar a fassara masa kyauta. Ko ya ce ya aikata, kotu za ta rubuta cewa bai amsa ba, domin laifin da hukuncinsa kisa ne sai an tabbatar da shi da shaida. Dole ya kasance da lauya, in ba shi da hali a nemo masa daga hukumar ba da tallafin shari'a ko kotu ta naɗa masa. Kowane shaida hawa uku yake bi: wanda ya kira shi ya yi masa tambayoyi ba tare da sa masa magana a baki ba, abokin hamayya ya titsiye shi, sannan wanda ya kira shi ya gyara abin da ya rikice. Shaidar "an gaya mini" ba ta karɓuwa a nan. In masu ƙara sun rufe, lauyan kariya yana iya cewa ba su kawo abin da ya isa a kare kai a kansa ba. In kotu ba ta yarda ba, sai kariya, sai jawabin ƙarshe a rubuce, sai hukunci cikin kwana 90 kamar yadda sashe na 294 ya tanada. Nauyin tabbatarwa yana kan masu ƙara har ƙarshe, kuma duk kokwanto mai ma'ana wanda ake tuhuma ne yake cin moriyarsa.

Wannan yarinyar da take banko ƙofar kotu ana dab da yanke hukunci, da waya a hannu tana cewa a dakata, a gaske ɗan sandan kotu ne zai fitar da ita. Sabuwar shaida ta hannun lauya take shigowa, a sanar da ɗaya ɓangaren, a nemi izinin kotu. Bidiyo ko saƙon waya kuma sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida, a yi bayanin na'urar da aka ciro shi da yadda aka ciro, yawanci da takardar tabbatarwa. Hukuncin kisa ma ba washegari ake zartar da shi ba. Akwai kwana 90 na ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda take da reshe a Kaduna, sai Kotun Ƙoli a Abuja, sannan a jira sa hannun gwamna. A 1981 an kashe wani fursuna, Nasiru Bello, a Jihar Oyo alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa doka, ta sa a biya iyalinsa diyya.

Inda abin ya fi yi mana ciwo shi ne kotun shari'ar Musulunci, domin a nan ba za a ce tsarin Bature ne ba. A fim, alƙali zai ji bakin mai ƙara, ya ga hawayenta, ransa ya ɓaci, ya yi wa ɗayan tsawa, ya yanke hukunci nan take. Ko kuma tun kafin a ji komai a ɗauko Alƙur'ani a ce kowa ya rantse, wanda ya yi ƙarya ya zare a wurin. Duk wanda ya karanta babin alƙalanci a Tuhfa, littafin da kotunanmu suka fi dogara da shi, ya san ba haka fiƙihu ya tsara ba.

Aikin alƙali na farko shi ne ya gane waye mai da'awa, waye wanda ake da'awa a kansa, domin ba kullum wanda ya riga zuwa kotu ne mai da'awa ba. Da'awar kuma sai ta fito sarai: mene ne ake nema, nawa ne, ta wace hanya haƙƙin ya hau kan wancan. "Ya ci mini dukiya" ba da'awa ba ce. Sannan a juya ga wanda ake ƙara, ya amsa ko ya musa. In ya musa, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kamar yadda hadisi ya zo da shi. A ba mai da'awa ajali ya kawo shaidu. A sha'anin dukiya maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa a mazhabar Malikiyya. Uba ba ya yi wa ɗansa shaida, ɗa ba ya yi wa uba, miji da mata ba sa yi wa juna, maƙiyi ba ya shaida a kan maƙiyinsa, haka duk wanda shaidar za ta jawo masa amfani. Kowane shaida in ya gama, a tambayi wanda aka yi shaida a kansa ko yana da suka. In mai da'awa ya rasa shaidu, a nan ne rantsuwa take zuwa, kan wanda ya musa. In ya noƙe, a juya ta kan mai da'awa. Kafin hukunci kuma sai an yi i'izari, a tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, a rubuta amsarsa gaban shaidu. Shari'o'i da yawa sun rushe a sama saboda rashin wannan tambaya guda ɗaya, ko da kuwa kowa ya san inda gaskiya take. Bayan hukunci alƙali zai faɗi nassin da ya dogara da shi, ya sanar cewa wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara.

Manzon Allah (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Ya kuma gaya wa sahabbai cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, shi kuma yana hukunci ne da abin da ya ji, saboda haka wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ya sani yankin wuta aka yanka masa. Wannan shi ne ainihin wurin da tarbiyya da shari'a suke haɗuwa, kuma fim bai taɓa shi ba: alƙali yana bin zahiri da ƙa'ida, tsoron Allah kuma yana kan shaida da mai rantsuwa da mai ƙara. Sayyidina Umar a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari ya umarce shi ya daidaita masu jayayya a kallo da wurin zama da hukunci, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada mai rauni ya yanke ƙauna. Shari'ar Safiya Husaini a Sakkwato a 2002 da ta Amina Lawal a Katsina a 2003, kotunan ɗaukaka ƙara na Musulunci ne suka soke hukuncin jifa da aka yanke musu kan zina da kansu, bisa dalilai irin su rashin bin ƙa'idar zama, da damar janye iƙirari, da aiki da doka a kan abin da ya riga ta.

Wasu abubuwa biyu a taƙaice. Na farko, zargin zina. A fim an ga mace ta fito daga motar wani, ko an turo hoto, shi ke nan unguwa ta yanke hukunci, miji ya kore ta ya ce ɗan ba nasa ba ne. Suratun Nur ta ce wanda ya jefi kamammiyar mace bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce a kansa, a kuma daina karɓar shaidarsa. Ɗan da aka haifa wata shida ko fiye bayan aure na mai shimfiɗa ne, kuma a wajen malaman fiƙihu li'ani, wato rantsuwar tsinuwa tsakanin miji da mata, a gaban alƙali ne yake kore shi, ba takardar gwaji da aka jefa wa mace a tsakar gida ba. Na biyu, gado. Lauyan da yake buɗe jaka bayan sadakar uku ya karanta cewa Alhaji ya bar komai ga autarsa, daga fina-finan waje aka kwaso shi. Dukiyar Musulmi ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ita ma ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun yarda. Mata, ko su huɗu ne, tumuni suke rabawa in akwai 'ya'ya. Uba ba ya cire ɗa daga gado da cewa "na sallama ka". Gidan da aka ce an ba amarya kyauta kuwa, in ba ta karɓe shi hannunta ba kafin ciwon ajali, ya koma cikin gado.

Sai maganar alhaki. Mun yi imani Allah ba ya barin zalunci, yana kamawa a duniya in ya so, yana jinkirtawa zuwa lahira in ya so. Amma in kowane fim ya ƙare da mugu yana bin bola, darasi biyu ne suke shiga zuciyar mai kallo. Ɗaya, kai ƙara wahalar banza ce. Biyu, duk mai taɓin hankali ko shanyewar jiki wani abu ya shuka, wanda wannan zalunci ne ga dubban marasa lafiya da ba su cuci kowa ba. Wanda kuma ya gaji da jiran alhaki, fim ya riga ya nuna masa ɗaya hanyar: a yi ihun ɓarawo, matasa su taru da gora, kiɗa ya tashi, mai kallo ya ji sanyi a ransa. A watan Oktoban 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa ihun ɓarayi, kuma a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan haka. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo bisa zargin garkuwa da mutane, ba tare da an tambaye su hujja ba. Duk Arewa mun yi kuka. To waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma sun tabbata a ransu cewa masu laifi suka kama. Doka ta ba kowa, har 'yan sintiri, damar kama wanda ya aikata laifi a gabansu, da sharaɗin a miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Duka ba ya ciki. A fiƙihu haddi da ƙisasi aikin shugaba ne, kuma Sayyidina Umar ya kashe jama'a saboda mutum ɗaya da suka taru suka kashe, ya ce da mutanen San'a duka sun haɗu a kansa da ya kashe su.

Haka babban mutumin kirki da yake ceto jarumi da kiran waya. Mai kallo yana murna domin wannan karon wayar ta faɗa hannun nagari, ya manta cewa ita ce dai wayar da mugu ya kira a farkon fim. A 1986, a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu, Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin soja da ta fitar da mutum daga gida da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu. Usama ɗan Zaidu ma, da ya je ceton matar Banu Makhzum daga haddin sata, fuskar Annabi (SAW) sai da ta canza.

Ba muna cewa a yi wa kotuna kwalliya ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Fayil yakan kwana watanni ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Shaida yakan daina zuwa don babu kuɗin mota. A canja wa mai bincike jiha, ko a ɗaga alƙali zuwa kotun sama a faro shari'a daga tushe. Akwai masu karɓar na goro. A nuna duk wannan, amma a nuna shi a matsayin karya doka, a kuma nuna ƙofar da ake ƙwanƙwasawa: neman beli a babbar kotu, ƙarar kare haƙƙi, koke ga hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha, ziyarar da babban jojin jiha yake kai wa gidajen yari. Uwar da take neman wanda zai tsaya wa ɗanta, da shaidar da ake yi wa barazana ya janye, da matashin lauyan da ya gano an rubuta bayanin wanda ba ya jin Turanci ba tare da tafinta ba, kowannensu ya isa ya riƙe zango guda.

Gyaran ba shi da tsada. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, marubuci ya shiga ya zauna a bencin baya, ya kashe wayarsa, kada ya ɗauki hoto, ya saurari zaman majistare da na alƙalin Musulunci da na babbar kotu kafin ya rubuta fitowar kotu ko ɗaya. Ya tsayar da irin laifin ko da'awar tukuna, ita za ta gaya masa kotun, kotun ta gaya masa sutura da kalmomi da jerin matakai. Shafukan da suka shafi kamu da shari'a da gado a ba lauya ɗaya da tsohon alƙali ɗaya su duba kafin a fita lokeshan, aikin yini ɗaya ne. Tsawon lokaci kuma rubutu a ƙasan allo ya wadatar, "bayan wata bakwai", fim mai dogon zango ma ya fi kowa sararin wannan. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, da ta ƙasa, da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN, muna ba su shawarar su sa masanin shari'a cikin masu duba labari, a matsayin mai ba da shawara, ba don a ƙara wani dalilin hana fim fita ba.

Zariya tana da abin bayarwa a nan. A Kongo aka tara alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e ana koya musu Final Kod lokacin da ta fara aiki a 1960, kuma a nan Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci suke har yau, ga sashen wasan kwaikwayo a Samaru. Bitar kwana biyu da za ta haɗa marubuta fim da waɗannan malamai da ɗalibansu, a yi zaman kotu na gwaji da Hausa, ɗaya na kisan kai ɗaya na rabon gado, abu ne da za a iya shiryawa cikin hutun zango guda. In jaridarka ta buɗe fili ga marubutan da ke da tambaya a kan wata fitowa da suke rubutawa, a shirye muke mu riƙa amsawa ta hannunka.

Wassalam.

Daga wasu lauyoyi da ma'aikatan kotu da malaman shari'a,
Tudun Wada, Zariya.